Fis, Bireka ko Mai Gadin Yoyon Wuta: Wanne Za Ka Sa a Akwatin Wutarka?

Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin akwatin rarraba wutar lantarki ya ga ƙananan makunnai a jere kafaɗa da kafaɗa, kusan duk kamanninsu ɗaya: farin jiki, ɗan hannu da ake turawa sama ko a sauke ƙasa, sai wasu haruffa da lambobi da ba kowa ke tsayawa ya karanta ba. Sai dai kama da wane ba ta wane. A cikinsu akwai wanda zai yanke wuta da kansa in waya ta ɗauki zafi. Akwai wanda ba ruwansa da zafin waya, shi dai jira yake wuta ta fara yoyo ta bi jikin mutum ko jikin ƙarfe. Akwai kuma wanda ko gini zai ƙone ƙurmus ba zai motsa ba, sai an sa hannu an sauke shi. Mai zaɓen abin da zai sa a akwatinsa, in bai san wanne ke gadin me ba, yana iya cika akwatin fam da kaya amma ya bar ƙofar da mutuwa ke shigowa a buɗe.

Kafin a zo ga zaɓi, ya kamata a san yadda abin da hannu ke ɗagawa yake iya sauke kansa. Na taɓa fasa wani mataccen bireka don in gane wa idona. Sai da na huda ƙusoshin da suka haɗe ɓangarorinsa biyu, domin ba a ƙera shi don a buɗe ba. Abin da na tarar a ciki tarko ne, ba wani abu ba. Idan ka tura hannun sama, sifirin kake matsewa, wata 'yar sakata kuma ta riƙe shi a ɗane kamar kunamar bindiga, bakin ƙarfe biyu su haɗu wuta ta wuce. Ƙarfin da zai raba bakunan nan daga baya, kai ne ka ajiye shi da yatsanka tun ranar da ka kunna. Abin da ya rage kawai shi ne a sami wanda zai taɓa sakatar.

Masu taɓa ta su biyu ne, halinsu kuma ya sha bamban. Na farko wani siririn falle ne da aka yi da ƙarfe iri biyu manne da juna, waɗanda zafi ba ya buɗa su daidai wa daida. Wuta na bi ta cikinsa, yana ɗumi. In ta wuce ƙima sai ɗayan ya fi ɗayan miƙewa, fallen ya lanƙwashe a hankali har ya ture sakatar. Wannan shi ne mai haƙuri, kuma da gangan aka yi shi haka, don ya riƙa kwaikwayon yadda wayar da ke cikin bango ke ɗaukar zafi. Ƙa'idar IEC 60898 da yawancin ƙananan birekun gida ke bi ta ce dole bireka ya jure ninki 1.13 na adadin da aka rubuta a jikinsa na tsawon awa guda ba tare da ya faɗi ba, amma a ninki 1.45 sai ya faɗi kafin awar ta cika. Wato bireka mai amfiya 16 zai ɗauki amfiya 18 yana kallonka, a amfiya 23 zai yi ta ɗumi har ya gaji ya sauka, in kuwa aka kai amfiya 41 ba zai cika minti guda ba. Shi ya sa za ka kunna hita da dutsen guga da tukunyar lantarki a layi ɗaya, komai ya yi ta aiki lafiya, can bayan rabin awa ka ji "ƙas". Kuma shi ya sa in ka yi saurin mayar da shi yake ƙin tsayawa: fallen bai huce ba tukuna.

Na biyun ba ya jira. Naɗin waya ne mai kauri, 'yan zagaye kaɗan, da wani ɗan sandan ƙarfe a tsakiyarsa. A wutar yau da kullum maganaɗisun da naɗin ke haifarwa bai isa ya motsa sandan ba. Amma ranar da waya mai wuta ta haɗu da wayar dawowa kai tsaye, abin da masu gyaran wuta ke kira shot, ɗaruruwa ko dubban amfiya ne ke kwararowa a lokaci guda. Nan take naɗin ya fizgi sandan, ya doki sakatar, bakunan su rabu a 'yan kaso kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ɗaya, tun kafin ido ya ƙifta.

Raba bakunan ma ba shi ne ƙarshen aikin ba, don wuta mai ƙarfi ba ta yarda a rabu da ita cikin sauƙi. Tana tsallake ratar ta bi iska, ta zama harshen wuta mai zafin dubban digiri. A bireka da na fasa, kusan kashi ɗaya cikin uku na cikinsa wasu faya-fayan ƙarfe ne jere kamar haƙoran mataji, duk sun yi baƙi da hayaƙi. Can ake kora harshen wutar, faya-fayan su daddatsa shi guntu-guntu, su shanye zafinsa har ya mutu. Wannan ɗaki shi ne abin da jabun bireka ya fi ha'inci a kai, tunda daga waje ba a ganinsa.

Akwai wata dabara a cikin tarkon da nake ganin ta fi komai burgewa. Hannun da kake riƙewa ba shi ke riƙe da bakunan ba, sakatar ce ke tsakaninsu. Na ga wani da bireka ya dame shi da faɗuwa, ya tura hannun sama ya naɗe shi da salatif ƙam, ya kaɗe hannu ya ce ya gama da shi. Minti kaɗan wutar ta sake ɗaukewa, hannun kuwa na nan a sama yadda ya ɗaure shi. Bireka na kirki yana yankewa daga ciki ko da an danne hannunsa da ƙarfi. Haɗa falle mai jin zafi da naɗin maganaɗisu a cikin ɗan akwati guda da za a iya sake kunnawa, wani Bajamushe ne mai suna Hugo Stotz ya yi masa rajistar mallaka a 1924, kuma shekara ɗari bayan haka tushen dabarar bai canja ba.

To ga fis kuma, wanda ya girme shi. Fis ba shi da sakata, ba shi da sifirin: siririyar waya ce da aka yi don ta narke kafin wayar gini ta narke. Mutane na yi masa kallon tsohon yayi, ni kuwa ban yarda a raina shi ba. Abin da ba shi da gaɓar da ke motsi ba ya cijewa, tsatsa ko ƙura ba sa hana shi aiki. Fis ɗin zamani na cikin kwalbar tangaran, wanda aka cika da yashi mai laushi don ya kashe harshen wuta, akwai mai iya yanke amfiya 80,000 har sama da 100,000, alhali ƙaramin bireka na gida yawanci 6,000 ne ko 10,000. Wannan ya sa har gobe za ka ga fis a bakin shigowar wuta kafin mita, da kusa da taransifoma, da kan manyan batura. Raunin fis yana hannun mutum ne. Ya ƙone cikin dare, babu wani a ajiye, sai a sami guntun waya mai kauri ko takardar alminiyam a cusa. Daga ranar ba sauran kariya, wayar cikin bango ita ta koma fis ɗin. Ga injin mai layi uku kuma, in fis ɗaya ya ƙone sauran biyu suka ci gaba da ba da wuta, motar injin na iya ƙonewa. Bireka mai ƙafa uku kuwa duka yake yankewa lokaci guda. Don haka a layukan cikin gida da kowa ke taɓawa, bireka ya fi. A bakin shigowa da kan batura, fis na nan da gurbinsa.

Wanda ya fi yaudarar ido shi ne babban makunnin da ke gefen akwati, sau da yawa mai jan hannu, an rubuta 63A ko 100A a jikinsa. Da yawansu makunnin raba wuta ne zalla, babu falle babu naɗi a ciki. Lambar jikinsa tana nufin abin da zai iya ɗauka ba tare da ya lalace ba, ba inda zai faɗi ba. Aikinsa mai kyau ne, shi ake saukewa kafin a taɓa waya, amma kada a lissafa shi cikin masu gadi. Hanyar gane bireka na gaske ita ce harafin da ke gaban lambar: B16, C32, D20.

Harafin nan ana yawan yin biris da shi, alhali a nan zaɓi yake da daɗi. Bai shafi fallen mai haƙuri ba, ya shafi naɗin maganaɗisu ne kawai, wato a ninki nawa zai fizga nan take. Mai B yana fizga tsakanin ninki 3 zuwa 5 na lambarsa, mai C tsakanin 5 zuwa 10, mai D tsakanin 10 zuwa 20. Dalilin bambancin shi ne akwai kayan da ke zuƙar wuta da yawa a daƙiƙar tashi: motar famfon ruwa, kwamfuresan firji ko na na'urar sanyaya ɗaki, kan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da suke ci in sun daidaita. In ka sa musu B, yana iya ɗaukar tashin injin a matsayin shot ya faɗi ba laifin kowa. C ya fi dacewa da su. D na injin walda ne da taransifoma da ire-irensu, ba shi da abin yi a ɗakin kwana.

Sai dai kada wannan ya sa a ce a zuba C ko'ina a huta, don kowane haƙuri da farashinsa na haɗari. Kafin a tabbata B16 zai yanke nan take, ana bukatar amfiya 80 su bi ta cikinsa. C16 kuwa sai 160. Idan layin ya yi tsawo, ko wayar siririya ce, shot ɗin da ya faru can ƙarshen layi ba lallai ya kai amfiya 160 ba. Naɗin ba zai fizga ba, sai a koma jiran fallen ya ɗumama, waya kuwa na ta toyuwa a tsakanin. Matsalar ta fi tsanani in wutar daga ƙaramin janareta ko inbata take zuwa, domin waɗannan ba su da ƙarfin turo wutar shot mai yawa kamar babban layi. A ganina, fitilu da soket na yau da kullum da duk wani dogon layi, B ya fi aminci. C a bar wa layin da aka san injin ne a kansa.

Lambar amfiya kuma kaurin waya ake duba kafin a zaɓe ta, ba yawan kayan da ake son jonawa ba. Bireka wayar yake gadi. Wanda 16 ke yawan faɗar masa ya cire ya sa 32 a kan wayar nan dai, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago: faɗuwar ta daina, amma wayar da aka yi don wat 3,600 da 'yan kai a bolt 230 an ba ta izinin ɗaukar ninki biyu, a cikin bango inda ba mai ganin robarta na narkewa. Maganin lodi mai yawa shi ne a raba shi layi biyu, ko a ja waya mai kauri. Akwai kuma wata lamba a cikin ɗan murabba'i, 4500 ko 6000 ko 10000: iyakar wutar shot ce da bireka zai iya yankewa bai fashe ba. Ginin da ke dab da taransifoma ya fi bukatar babbar lamba.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan, babu wanda ke kare ran mutum, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Jikin ɗan Adam, musamman in da danshi, ana ƙiyasta turjiyarsa a wajen om 1,000. A bolt 230, abin da zai ratsa shi bai kai rubu'in amfiya ɗaya ba. Ga bireka mai amfiya 16 wannan bai fi cin 'yar ƙaramar fanka ba, ko gezau ba zai yi ba. Ga zuciya kuwa ya wuce kisa. A wajen miliamfiya 10 (miliamfiya kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya) yatsu ke fara ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin waya, in aka haura 30 kuma aka ɗan jima, bugun zuciya na iya rikicewa.

Nan ne mai gadin yoyo ke shigowa, wanda ake rubuta RCD ko RCCB a jikinsa. Shi ba ya tambayar wuta nawa ke wucewa, tambayarsa ita ce: wadda ta fita, ta dawo duka? Waya mai wuta da wayar dawowa duk suna ratsa wani zoben ƙarfe guda. In abin da ya tafi daidai yake da abin da ya dawo, maganaɗisun junansu na kashe juna, zoben ya zauna shiru. Da zarar wani kaso ya bi wata hanya, ta jikin mutum ko ta jiƙaƙƙen bango zuwa ƙasa, sai ma'aunin ya karkace, wani siririn naɗi a jikin zoben ya ji, ya saki sakatar. Mai miliamfiya 30, wanda shi ne na kare rai, dole ya yanke a kashi 300 cikin dubu na daƙiƙa ɗaya in yoyon ya kai adadinsa, in kuma ya ninka sau biyar, cikin kashi 40. A Amurka, inda aikin Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya haifar da irin nasu a shekarun 1960, sun ma fi tsanantawa: na soket ɗinsu a wajen miliamfiya 5 yake faɗuwa. Masu 100 da 300 da ake gani an yi su ne don hana gobara da gadin babban layi, ba za su ceci wanda wuta ta kama ba.

Shi ma yana da makantarsa. RCCB da aka rubuta 40A ko 63A a jikinsa ba zai faɗi don lodi ya yi yawa ba, ba kuma zai faɗi don shot tsakanin wayoyin biyu ba, tunda abin da ya fita ya dawo. Dole a haɗa shi da bireka ko fis. Haka nan wanda ya kama waya mai wuta da hannu ɗaya, wayar dawowa da ɗayan, yana tsaye a kan busasshen katako, RCD zai ɗauke shi a matsayin kwan fitila ne kawai.

Zaɓi na gaske, in an zo haɗa akwati, tsakanin tsari biyu yake. Ko a sa RCCB ɗaya a gaba ya lulluɓe bireku da yawa, ko a sa wa kowane layi RCBO, wanda shi ne bireka da mai gadin yoyo a jiki guda. Tsarin farko ya fi sauƙin kashe kuɗi, kuma yana kare rai yadda ya kamata. Damuwarsa ita ce laifin ɗaya na shafar kowa: ruwa ya shiga fitilar waje da tsakar dare, sai gida duka ya yi duhu, firji ya mutu, a tashi ana lalube. Ga shi kuma kayan zamani, kwamfuta da caja da fitilun LED, kowanne na da ɗan yoyonsa na halitta. In suka taru a ƙarƙashin RCCB ɗaya suna iya kai shi gaɓa, domin ƙa'ida ta yarda mai 30 ya faɗi tun daga 15. Haɗarin da na fi tsoro ba duhun ba ne, gajiyar mai gida ce. Ranar da ya ƙosa zai kira mai gyara ya ce a cire masa wannan abin, a haɗa kai tsaye.

RCBO ba ya jawo wannan. Layin da ke da laifi shi kaɗai ke mutuwa, kuma ya nuna maka inda za ka fara bincike. Wanda ke da hali, shi zan ce ya sa, aƙalla a layin banɗaki, da madafa, da hitar ruwa, da famfo, da duk soket na waje. Wanda bai kai nan ba, ya raba akwatin gida biyu da RCCB biyu, ya kuma tabbata fitilu da soket na ɗaki ɗaya ba su taru ƙarƙashin guda ba. Sannan a duba nau'in. Nau'in AC yoyon wuta mai kai-komo zalla yake gani, alhali injin wanki da murhun lantarki na zamani da sauran masu kayan laturoni a ciki na iya yin yoyo mai ɓarin wutar batir, wanda ke dushe masa ido. Nau'in A na ganin duka biyun. Jamus ma ba ta yarda a sa nau'in AC a gidaje ba. Cajin motar lantarki da wasu inbatocin sola kan bukaci nau'in B, ko wata kariya ta musamman da takardar mai ƙera su za ta faɗa. Kada a rikita wannan B da B ɗin bireka, harafi ne kawai ya zo ɗaya.

Tunda an ambaci sola, ga wani kuskure da ke yawaita. Wutar babban layi mai zagaye 50 a daƙiƙa tana sauka sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, kuma a wannan ɗan saukar ne harshen wutar da ke cikin bireka ke samun damar mutuwa. Wutar faifan sola da ta batir ba ta sauka sifili. Bireka na gida da aka sa mata zai iya faɗuwa, bakunansa su rabu, harshen wutar ya ƙi mutuwa ya ci gaba da ci har robar ta kama. Sai wanda aka rubuta DC da adadin bolt ɗinsa a jiki, kuma in yana da alamar tarawa da ɗebewa a bakunansa, a bi su yadda suke, don akwai ɗan maganaɗisu a ciki da ke kora harshen wutar zuwa faya-fayan kashewa, in aka juya wayoyin sai ya kora shi baya.

Manyan bireku na masana'anta, masu ɗaukar ɗaruruwan amfiya, in sun faɗi hannunsu a tsakiya yake tsayawa, ba sama ba ba ƙasa ba, kuma ba sa komawa sai an tura su ƙasa sosai an sake ɗana sakatar. Mutane da yawa sun ɗauka ya lalace ne alhali lafiyarsa ƙalau.

A fuskar kowane RCD da RCBO akwai ɗan maɓalli mai harafin T. Dannawa yana ƙirƙirar ɗan yoyo na gangan a ciki, na'urar kuma ta faɗi nan take. Ƙa'idar wayarin ta Ingila ta ce a riƙa danna shi duk wata shida, domin sakatar da ta shekara ba ta motsa ba tana iya cijewa. In ka danna ka ji shiru, hannun bai sauka ba, a canja shi a ranar.